A Tumɓuke Su Ko a Bar Su? Tambayoyi da Amsoshi Kan Mutum-mutumin Mutanen da Ake Taƙaddama a Kansu

Tun da kisan George Floyd a Minneapolis cikin watan Mayun 2020 ya fito da mutane kan tituna a ƙasashe da dama, rigimar mutum-mutumi ba ta kwanta ba. Yau ka ji an shafa wa wani fenti, gobe ka ji majalisar wani birni ta kaɗa ƙuri'ar sauke wani. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan batun. Inda amsar ra'ayina ce, ba zan ɓoye ba.

Wai duk wannan hayaniya a kan ƙarfe da dutse ake yi?

Da ƙarfe ne kawai da ba wanda zai fito rana dominsa. A ɗauki na Edward Colston a birnin Bristol na Ingila. Ranar 7 ga Yunin 2020 masu zanga-zanga suka zarga masa igiya suka fizgo shi daga kan dandamalinsa. Wani ya durƙusa ya danne wuyansa da gwiwa, kamar yadda ɗan sanda ya yi wa Floyd. Daga nan aka yi ta mirgina shi a kan kwalta har bakin tashar jiragen ruwa, aka tunkuɗa shi ciki, dab da wata gada da ke ɗauke da sunan Pero, wani bawa da ya rayu a birnin.

Colston attajiri ne da ya zuba dukiya a makarantu da coci-coci da gidajen gajiyayyu, kuma allon da ke jikin dandamalin ya kira shi ɗaya daga cikin 'ya'yan birnin mafiya nagarta da hikima. Abin da allon bai faɗa ba shi ne ya yi shekaru 12 cikin kamfanin Royal African Company, har ya kai mataimakin shugabansa. A tsakanin 1680 da 1692 da yake ciki, an ƙiyasta kamfanin ya loda 'yan Afirka kimanin 84,000 a jiragen ruwa, maza da mata da yara, kusan 19,000 suka mutu a hanya aka watsa gawarwakinsu a teku. To ka ƙaddara jikan waɗannan bayi ne kai, kullum za ka wurin aiki sai ka bi ta ƙarƙashin ƙafafun mutumin nan ka karanta wancan yabo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sauke mutum-mutumi ba share tarihi ba ne?

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma a ganina ita ce mafi rauni. Ba a ɗora mutum a kan dandamali a tsakiyar gari don a koyar da darasi. Ana ɗora shi ne don a girmama shi, shi ya sa ake sa shi sama, mai wucewa ya ɗaga kai. Tarihi yana cikin littattafai da takardun ajiya da azuzuwa da bakin dattawa.

Jamus ce misalin da ba ya buƙatar dogon bayani. Ba za ka ga mutum-mutumin Hitila a ko'ina ba, amma ba ƙasar da ta kai ta nanata wa 'ya'yanta abin da ya aikata. Maimakon hotonsa, sai ka ga 'yan ƙananan allunan tagulla da aka dasa a daɓen titi a ƙofar gidajen da aka kwashi mutane, kowane da suna da shekarar haihuwa da inda aka kai mai shi. An dasa irinsu sama da 100,000 a faɗin Turai. Shi kansa Colston, mutanen da suka san ko wane ne shi bayan ya sha ruwa sun ninka waɗanda suka san shi a shekaru 125 da ya yi a tsaye.

Sai dai masu wannan hujja suna da gaskiya a wuri guda. Mutum-mutumin shi ma shaida ne, ba a kan wanda aka sassaƙa ba, a kan waɗanda suka sassaƙa shi. Na Colston a 1895 aka kafa shi, shekaru 174 bayan mutuwarsa, don haka abin da yake gaya mana shi ne irin gwarzon da attajiran Bristol na wancan zamani suka so birninsu ya yi tinƙaho da shi. Wannan ya isa dalilin da zai sa a adana shi. Bai isa dalilin barinsa a tsakiyar gari ba.

Adalci ne a auna mutanen da da ma'aunin yau?

Idan ana cewa "ai haka zamaninsu yake", sai a tambaya: zamanin wa? Bawan da aka ɗaure a cikin jirgi shi ma ɗan wannan zamanin ne, kuma bai jira ƙarni na 21 kafin ya san ana zaluntarsa ba.

Ko a tsakanin Turawan ma, akwai masu faɗa tun a lokacin. Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya riƙe Kwango a matsayin mallakarsa ta ƙashin kansa daga 1885 zuwa 1908, ana tilasta wa mutane tara roba, ƙauyen da ya gaza cika adadi a ƙone shi ko a yanke wa mutanensa hannu. Tun 1890 wani baƙar fatar Amurka, George Washington Williams, ya je ya gani ya rubuta wa sarkin buɗaɗɗiyar wasiƙa yana lissafa laifuffukan. A 1904 jami'in jakadancin Birtaniya Roger Casement ya fitar da rahotonsa. A shekarar ce kuma wata 'yar mishan, Alice Seeley Harris, ta ɗauki hoton wani mutum mai suna Nsala zaune a bakin baranda, ya zuba ido ga guntun hannu da ƙafar 'yarsa ƙarama da aka ajiye a gabansa. Hoton ya zaga Turai da Amurka. Matsin lambar da ta biyo baya ce ta sa aka karɓe Kwango daga hannunsa. Saboda haka wanda ya soki Leopold a yau ba sabon ma'auni ya ƙirƙiro ba, na mutanen zamaninsa ya ɗauko. Abin mamakin ma shi ne yawancin mutum-mutuminsa bayan mutuwarsa aka kafa su, lokacin da duk an san wannan.

To ai mutum tara yake bai cika goma ba. Idan aka fara, ina za a tsaya?

Nan ne tambayar ta yi nauyi, kuma duk wanda ya ce yana da amsa mai sauƙi bai zauna ya yi tunani ba. George Washington, shugaban Amurka na farko, ya mallaki bayi. Thomas Jefferson, shugabanta na uku, ya mallaki sama da 600 a tsawon rayuwarsa. Winston Churchill, wanda Turawan Ingila ke ganin shi ya tsame su daga hannun Hitila, Indiyawa da yawa ba su yafe masa yunwar Bengal ta 1943 ba, wadda ta ci rayuka kusan miliyan uku. A Yunin 2020 sai da aka kewaye mutum-mutuminsa na gaban majalisar dokoki a Landan da katako don kada a lalata shi.

Ma'aunin da na fi gamsuwa da shi ba "shin yana da aibi?" ba ne, domin da wannan ba wanda zai tsira. Shi ne: don me aka ɗora shi? Washington an ɗora shi ne saboda kafa ƙasa da kuma miƙa mulki da ya yi da kansa, ba saboda bayinsa ba. Janar Robert E. Lee kuwa, da kakin soja bisa doki, ba abin da ake tunawa da shi sai jagorantar rundunar jihohin Kudu a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, jihohin da suka ɓalle don kare bauta. Idan ka cire abin kunyar daga labarin Washington, saura da yawa. Idan ka cire shi daga na Lee, me ya rage da za a ɗora a kan doki?

Amma ma'aunin nan ma yana da inda yake cijewa. A Yunin 2016 shugaban Indiya na lokacin, Pranab Mukherjee, ya ƙaddamar da mutum-mutumin Mahatma Gandhi a Jami'ar Ghana da ke Legon. Ba shakka don gwagwarmayarsa ta lumana aka ɗora shi. Duk da haka malaman jami'ar suka yi takardar koke, suna kafa hujja da kalaman ƙasƙanci da ya rubuta kan baƙar fata sa'ad da yake matashin lauya a Afirka ta Kudu, suna kuma tambayar dalilin da zai sa a fara da baƙo alhali ba a karrama na gida ba. A Disambar 2018 aka cire shi. Ni da a ce ina da ƙuri'a a wurin, da na daɗe ina jujjuya ta a hannu. Abin da labarin ya nuna shi ne wurin da aka kafa abu yana cikin ma'anarsa: mutum ɗaya, a Delhi uban ƙasa, a Legon abin tambaya.

Me ya sa ake yawan tono shekarar da aka kafa su?

Domin ruwa ba ya tsami banza. Yawancin mutum-mutumin sojojin Kudu a Amurka ba bayan yaƙi kai-tsaye aka kafa su ba, lokacin da zawarawa ke makoki. Sun fi yawaita ne daga wajen 1900 zuwa shekarun 1920, daidai lokacin da jihohin ke kafa dokokin wariya suna hana baƙar fata zaɓe, sannan aka sake samun wani yayi a shekarun 1950 da 1960 da ake fafutukar 'yancin baƙar fata. Da yawa kuma a harabar kotuna aka girke su. Baƙin mutumin da zai shiga neman haƙƙinsa, tun daga ƙofa an yi masa hannunka mai sanda.

Shi kansa Lee bai goyi bayan irin waɗannan gine-gine ba. A 1869 an gayyace shi taron shirya alamomin tunawa a filin dagar Gettysburg, ya ƙi zuwa, yana cewa ya fi kyau kada a riƙa fama gyambon yaƙi.

Wanda ke shakkar cewa saƙon yana nan da ransa ya duba garin Charlottesville na Amurka. Wata ɗalibar sakandare ce ta fara takardar koke kan na Lee da aka kafa a 1924, majalisar birnin ta amince a cire. A Agustan 2017 masu aƙidar fifita farar fata suka yi dafifi a garin da tutocin Nazi don kare shi, ɗayansu ya kutsa mota cikin masu adawa da su ya kashe wata mata, Heather Heyer. Su da kansu suka fassara wa duniya abin da dokin yake nufi a wurinsu.

Wannan ba yayin 'yan zamani ba ne kawai?

Ko kusa. Fir'aunonin Masar sun sha kankare sunaye da fuskokin waɗanda suka gabace su. Majalisar dattawan Rum takan yanke hukuncin goge sunan sarkin da ta tsana daga kan gine-gine. A Yulin 1776 mutanen New York suka kayar da na Sarki George na Uku, aka narka dalmarsa aka yi harsasai. A 1956 mutanen Budapest ta ƙasar Hangari suka sare na Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat, daga gwiwa, takalmansa kaɗai suka rage a kan dandamali. Na Saddam ya faɗi a Bagadaza ranar 9 ga Afrilun 2003, kuma da yawa daga masu kukan "share tarihi" a yau tafi suka yi a ranar.

Wa ke da ikon yanke hukunci? Kowa ya ga dama sai ya ɗauko igiya?

A'a, kuma nan nake rabuwa da wasu da muke gefe ɗaya. Dandali na kowa ne, har da waɗanda ba su fito zanga-zanga ba. Idan ƙarfin taro ne zai riƙa raba gardama, gobe wani taron zai fito ya kayar da wanda kake ƙauna. An ma gani a tsibirin Martinik da ke ƙarƙashin Faransa a Mayun 2020, inda aka farfasa na Victor Schoelcher, mutumin da ya tsaya kai da fata har Faransa ta haramta bauta a 1848. Masu farfasawar sun ce an tattara yabon an ba Bature guda an mance da bayin da suka yi tawaye da jininsu. Ƙorafin yana da tushe, amma guduma ba ta iya bambance Schoelcher da Colston.

Sai dai a faɗi ɗaya gefen. A Bristol an shafe shekaru ana koke ta hanyar da ta dace. An kai ga amincewa a ƙara allo na biyu da zai ambaci cinikin bayi, sai aka tsaya jayayya kan kalmomin da za a rubuta, wasu na son a sassauta, har maganar ta mutu a 2019. Wanda ya toshe ƙofa bai kamata ya yi mamakin ganin mutane ta taga ba. Mutum huɗun da aka gurfanar kan kayar da shi, masu taya alƙali yanke hukunci sun wanke su a Janairun 2022. Gwamnatin Birtaniya kuwa ta ɗauki ɗaya hanyar, ta yi dokar da za ta iya kai mai lalata abin tunawa gidan yari har shekaru 10.

Ko gwamnati ma idan ta yi gaban kanta ba ta tsira ba. A Afrilun 2007 hukumomin Istoniya suka ɗauke mutum-mutumin sojan Tarayyar Sobiyat daga tsakiyar Tallinn zuwa maƙabartar sojoji. Ga 'yan asalin ƙasar alamar mamaya ne, ga masu jin Rashanci da ke zaune a can kuwa alamar iyayensu ne da suka mutu suna yaƙar Nazi. Aka kwana biyu ana tarzoma, mutum guda ya mutu, sannan aka yi wa shafukan intanet na bankuna da ma'aikatun ƙasar ruwan kutse na makonni.

Idan an sauke, ina ake kai su?

Na Colston kwana huɗu ya yi a ruwa aka tsamo shi. Yanzu yana gidan tarihi na M Shed, a kwance ba a tsaye ba, da jan fenti da shuɗi da aka fesa masa, an bar su da gangan, ga kwalayen masu zanga-zanga a kusa. Yanzu mai kallo ne ke sunkuyar da kai ya dube shi. A ganina wannan ya fi kowace mafita, domin ba a rasa komai ba: ga 1895, ga 2020, duk a jiki ɗaya.

Hangari ta tattara na zamanin kwaminisanci guda 42 ta zuba su a wani fili a bayan garin Budapest, ta buɗe shi a 1993, har da kwafin takalman nan na Stalin. Indiya ta kwashe na sarakuna da gwamnonin Ingila zuwa wani fili a arewacin Delhi, inda Sarki George na Biyar ke tsaye ba mai kula shi. Na Lee na Charlottesville kuwa, bayan an sauke shi a 2021, narka shi aka yi a 2023 da niyyar ƙera wani sabon abu da tagullar. Na fahimci dalilin, amma da shawarata aka nema da na ce a ajiye. Matsalar dai ita ce gidajen tarihi ba rumbu ba ne, kuma doki mai nauyin tan da yawa ba kowane zaure ke ɗaukarsa ba.

Me zai hana a bar shi a wurinsa a ƙara bayani?

Wannan ce manufar da gwamnatin Birtaniya ta ɗauka a 2021: a riƙe, a yi bayani. Kwalejin Oriel ta Jami'ar Oxford ma haka ta yi da na Cecil Rhodes, jigon mulkin mallakar Ingila a kudancin Afirka. Ta ce tana son cirewa, sannan ta janye saboda tsada da wahalar samun izini, ta kafa ɗan allo a ƙasa. Rhodes na can sama yana kallon titi, allon kuwa sai wanda ya tsaya ya nema. Irin wannan an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Bayani yana aiki ne idan girmansa ya kai girman abin da yake amsa wa. A Bolzano ta arewacin Italiya akwai wani tsohon ginin jam'iyyar Fasist mai ɗauke da sassaƙen shugabanta, ɗan kama-karya Mussolini, bisa doki, faɗinsa mita 36, da taken jam'iyyar: yi imani, yi biyayya, yi yaƙi. A 2017 aka ratsa shi da haruffa masu haske, cikin harsuna ukun da ake yi a yankin, da maganar masaniyar falsafa Hannah Arendt cewa ba wanda ke da 'yancin yin biyayya. Da dare ba ka isa ka ga Mussolini ba sai ta cikin wannan rubutu. Ba a taɓa dutsen ba, amma an karɓe masa bakin magana.

Mene ne bambancin wannan da abin da Taliban suka yi wa gumakan Buddha na Bamiyan a Afganistan?

Waɗancan, da aka tarwatsa da nakiya a Maris ɗin 2001, sun kai shekara 1,400 a jikin dutse, ba su da na biyu, ba kuma wanda suke yi wa gori a hanyarsa ta zuwa kotu. An rusa su ne don kada a sake ganinsu. Ɗauke wani janar daga mahaɗar titi zuwa gidan tarihi, inda kowa zai je ya gani, wani abu ne dabam.

Sauke mutum-mutumi zai sa wa wani abinci a baki?

Ba zai sa ba, kuma ya kamata masu murna su riƙa tuna haka. Ga hukuma, hayar motar ɗaga kaya ta yini ɗaya ta fi gyaran makarantu da gidaje araha nesa ba kusa ba, ga hotuna masu kyau a jarida. Beljiyam ta sauke wasu na Leopold a 2020, Sarki Philippe ya bayyana matuƙar nadama, amma kalmar neman gafara ba ta fito ba, balle maganar diyya.

Sai dai wani lokaci ƙofa ce. A Jami'ar Cape Town, ranar 9 ga Maris ɗin 2015 wani ɗalibi ya watsa wa na Rhodes bokitin kashi, yana nuni da unguwannin baƙar fata da har lokacin ba su da ban-ɗaki na kirki. Wata guda cif bayan haka aka ɗauke shi. Ɗaliban ba su koma aji sun yi shiru ba. Kafin shekarar ta ƙare maganar ta koma kan kuɗin makaranta da manhajar karatu da albashin leburorin jami'a, har gwamnati ta janye ƙarin kuɗin da aka shirya yi a 2016.

Ga wanda addininsa bai yarda da sassaƙa surar mutum ba tun farko, ina ruwansa da wannan muhawara?

Ruwansa na nan, domin karramawa ba a tagulla kaɗai take ba. Tana cikin sunan titi da filin jirgi da makaranta da hoton da ke kan takardar kuɗi. Stalingrad ta koma Volgograd a 1961, Leopoldville ta koma Kinshasa a 1966, Rodeshiya ta Kudu ta zama Zimbabuwe a 1980. Babban zauren kaɗe-kaɗe na Bristol da ke amsa sunan Colston ya canza suna a 2020. Tambayar ba ta canza ba: wa muke ɗagawa, kuma saboda me?

Dandamalin da ya zama wayam fa, me za a ɗora a kai?

Wannan rigimar takan fi ta saukewar zafi. A Bristol, makonni biyar bayan faɗuwar Colston, wani mai sassaƙa daga Landan ya zo da asuba ya ɗora surar wata baƙar mace daga cikin masu zanga-zangar, ta ɗaga dunƙulallen hannu. Bai nemi izinin kowa ba. Washegari hukumar birnin ta sauke ta, magajin garin ya ce mutanen Bristol ne za su zaɓi abin da zai hau wurin. A Delhi, rumfar dutsen da George na Biyar ya bari kusa da Ƙofar Indiya ta yi sama da shekara 50 ba kowa, sai a 2022 aka sa Subhas Chandra Bose, wanda shi ma ana jayayya a kansa saboda ƙawancen da ya ƙulla da Jamus da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu don korar Turawan Ingila.

Mutanen Prague sun bi wata hanyar. A kan tudun da ke kallon birnin an taɓa gina wa Stalin wani makeken mutum-mutumi, aka buɗe shi a 1955, aka tarwatsa shi da nakiya a 1962. Dandamalin ya yi kusan shekara 30 a haka. A 1991 aka kafa wata ƙatuwar na'ura mai jan hannu guda, tana kai-komo a hankali kamar mai ƙirga lokaci. Tana nan har yanzu, samari kuma na wasan allon taya a kan daɓen da ke ƙarƙashinta.